Hular Janar a Kan Inna

Har yau idan aka ja sakatar ƙofa sai gabana ya faɗi, don ƙarar wata bindiga take tuna mini.

Da la'asar ne, a tsakar gidanmu na Yako. Ɗan gwaggon Inna, wanda ya shiga soja tun ba a haife ni ba, ya zo gida bayan an ƙara masa girma zuwa Janar. Ya shigo gaida matan gida, kakinsa yana sheƙi, ƙamshin turarensa ya danne hayaƙin murhu. Na saki baki ina kallonsa kamar a mafarki. Sai Inna ta miƙe ta fizge hularsa, ta ɗora a kan ɗankwalinta.

"Bawana, yau ka tuna da uwar gijiyarka?"

Sojan da ya biyo shi baƙo ne, bai san wasan taubasai ba. Sai na ji ƙaras! Bakin bindiga yana kallon ƙirjin Inna. Na ƙanƙame zaninta.

"Kai, sauke!" Janar ya daka masa tsawa. Sannan ya yi murmushi. "Duk yaƙin da na je babu wanda ya taɓa hular nan. Wannan kuwa tun muna kiwon awaki take ƙwace mini hula."

"Matsoraci, shi ya sa ka zo da mai gadi," in ji Inna.

Gida ya ɗauki dariya. Ni kaɗai na san hannun da ta dafa kaina da shi sanyi ƙalau yake.