Yatsa a Ɗanyen Fenti

Fentin bai bushe ba yayar ta danna babban yatsanta a tsakiyar furen da ƙanwarta ta zana a jikin allo, ta murza. Ja ya kutsa cikin ruwan ɗorawa, gefen ya yi tudu kamar tabo. Ita ta koya wa yarinyar riƙon buroshi, amma yanzu duk wanda ya shigo shagon, allon ƙanwar yake kallo.

Washegari mai otal ɗin da ya ba da aikin ya tsaya gaban allon, ya kasa gaba.

"Kai! Wannan murzar ta tsakiya ce ta ba furen rai. Hannun wa ke nan?"

Ƙanwar ta dubi jan da ya maƙale a farcen yayarta.

"Nawa ne," ta ce. "Ko ba haka ba, Yaya?"