Kantun Inna Tabawa

Munduwar lafiyar Inna Tabawa ta koma ja ranar Talata, a layin rabon kantu na Funtuwa. Tun da gonaki suka daina ba abinci sinadarin maganiziyam, kantun riɗi ɗaya hukuma ke ba kowa a mako don cike giɓin. Wanda munduwarsa ta yi ja saboda ƙarancin sinadarin, gidan jinya ake kai shi, ba ranar dawowa.

"Inna, ina kike kai naki?" in ji jami'ar rabon.

"A kunun maigidana nake marmasawa, 'yar nan. Ƙafarsa ta daina ɗaurewa, har barci yake samu."

Jami'ar ta ja gefen mayafin tsohuwar ta rufe munduwar, ta miƙa mata kantunta na makon.

"To, ci wannan a gabana."

Inna ta gutsuri rabi, ta ƙulle sauran a bakin zane. Ranar Juma'a masu duba munduwa za su shigo unguwarsu.