Kwanon Hajja Mai Farfesu

Har yau in na ji ƙamshin kirfa sai zama ya gagare ni.

Ina ƙarama, a unguwar Bani Malik, maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce 'yar Biyetnam da ta zo Hajji ta zauna. Wata rana da azahar ta miƙo mana kwanon farfesun naman sa irin na ƙasarsu, ja wur, yana ƙamshin kirfa, da karas da wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami. "Halal," ta ce, tana nuna mana yadda ake tsoma burodi.

Na suɗe kwanon tas, na zabura zan mayar, ko za ta ƙara mini. Umma ta riƙe hannuna. "Ke, zauna! Ba a mayar da kwano wayam."

Na yi ta safa da marwa har ɗanwaken da Umma ta ɗora ya nuna, ta zuba a kwanon. Da la'asar na ɗauka na ruga. Na tarar da ƙofarta a buɗe, tukunyar da sauran zafinta. Mai kantin layinmu ya ce, "Halas, shi ke nan, an kwashe marasa iƙama, takardar izinin zama, har da ita."

Kwanon yana kicin ɗina. Ban taɓa barinsa wayam ba.