Maɓalli a Ƙarƙashin Sunan Talatu

Tunda aka bar wa na'ura tsara shafukan intanet na birni, duk inda ta ga jama'a sun fi bi sai ta yanke gajeriyar hanya. Malam Barau ya buɗe shafin mamatan unguwa a wayarsa don jin muryar marigayiya matarsa Talatu, sai ga sabon maɓalli ƙarƙashin sunanta: "Neman aure."

Ya suri sandarsa sai ofishin masu kula da shafukan.

"Wane marar kunya ya sa wannan?"

"Baba, ba mutum ba ne," in ji wata ma'aikaciya. "Maza tara cikin goma daga nan shafin neman aure suke wucewa. Sai maɓallin da ya shekara ba a taɓa ba ke gogewa."

"A kan sunan matata? Duba!" Ya dangwala yatsa a kai.

Ta sunkuyar da kai. "Baba, ka ƙara masa shekara guda."