Bencin Baffa Gwadabe

Mas'uda ta samu aiki da wani kamfanin Legas mai kai kaya gida-gida, amma ko tashar mota ba ta taka ba. A ɗakinta na unguwar Abakpa Nike, can kudu, take aikin: kwamfuta a kan tebur, abin sauraro a kunne, a yi taro ta bidiyo kowa yana ganin kowa.

Sai dai mutanen gidan ba su ɗauki wannan aiki ba. "Ai tana gida," shi ke nan. Maƙwabciyarsu Hajaratu takan leƙo da jariri ta ce, "Abeg Mas'uda, riƙe min shi, yanzu zan dawo."

Wanda ya fi kowa shi ne Baffa Gwadabe, yayan mahaifinta, wanda ya riƙe su tun rasuwar uban. Albasa yake sayarwa a Kasuwar Artisan, kuma dattijo ne da bai san gaisuwar tsaye ba. Kullum kafin ya hau okada sai ya shigo an tambayi kwana, da gajiya, da ƙafarsa mai ciwo, da mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya.

Shugabarta ta sha ja mata kunne kan ɓacewa ana cikin taro. Mas'uda ta yi ta ba da haƙuri, amma kunya ta hana ta faɗa wa kowa a gida.

Ranar da za a yanke shawarar tabbatar da ita a aiki, aka ce ta yi bayani a gaban manyan kamfanin. Tana tsakiyar magana Baffa ya yi sallama ya ɗaga labule. Ta dubi fuskokin da ke allo, ta dubi Baffa. Kafin ta yi tunani ta zare abin kunne ta durƙusa.

Manya suka zauna suna kallon kujera ba kowa. Kafin a gama da mutanen Kano, taro ya watse. Da yamma aka sanar da ita cewa aikin ya ƙare.

Kukanta ne ya kawo Baffa. Da ya ji abin da ya faru, sai ya zauna kusa da ita.

"Me ya hana ki gaya min, 'yata?"

"Baffa, da wane baki zan ce ka dakata da gaisuwa?"

"Wallahi na ɗauka fim kike kallo," in ji shi. "Ni kaina in ina ciniki, ko aminina ya zo hannu nake ɗaga masa ya jira. Ashe rumfarki nake shiga kullum ina kore miki mutane."

Rashin sani ya fi dare duhu. Watanni Mas'uda ta yi tana nema, ta rame, ta sha wuya sosai kafin Allah ya sake buɗa mata wata ƙofar.

Ranar da ta fara sabon aikin ta ji motsi a waje. Baffa ne ya jawo benci ya kafa a ƙofar ɗakinta, ya zauna da carbinsa. Hajaratu ta taho da jaririnta, ya ɗaga mata hannu.

"She dey office, tana bakin aiki. Kawo shi nan."

Har yau haka ake yi. Baffa yakan makara kasuwa, bai damu ba. In taron safe ya tashi Mas'uda ta fito ta durƙusa, a yi gaisuwar nan cikakkiya har da mutanen Kano. Takan ƙare da, "Allah ya saka da alheri, Baffa," sau da yawa da ƙwalla a idonta.

Jama'a, mai aiki daga gida ma'aikaci ne, a girmama lokacinsa. Kai kuma mai aikin, buɗe baki ka yi wa naka bayani tun kafin kunya ta raba ka da abincinka.