Wankan Man Riɗi

Selvarani na tsakiyar shara maƙwabciyarsu ta ƙauye ta bugo waya. Magana ɗaya ta yi: an ga tsohuwa Pecciyammal ta shiga gidanku da tulun mai.

Ko ƙofa ba ta kulle ba ta nufi tashar motar birninsu, Madurai.

Babu amaryar da ake kaiwa a ƙauyen ba tare da ta bi ta hannun Pecciyammal ba. Man riɗinta mai hulba da ganyen darbejiya ya tsirar da gashi a kan da masu shi suka fid da rai. Amma tana da wani aikin da ba a faɗa da ƙarfi. Idan tsoho ya daɗe a kwance har gida ya gaji, ita ake kira. Ta shafe shi da mai tun daga tsakar ka, ta kwarara masa ruwan sanyi da asuba, sannan a yi ta ɗura masa ruwan ɗanyar kwakwa. Zazzaɓi ya rufe shi, kwana biyu sai a ji kuka. Mahaifin Selvarani kuwa shekararsa uku bai taka ƙasa ba, kuma likita ya ce saura kaɗan.

Da hantsi ta isa. Gindin rijiya jagab yake da ruwa. Ga kwakwa shida an fafe bakinsu an jera, ga tsohuwar zaune a inuwa cikin farin zanen matan da mazansu suka mutu, goshi babu jan ɗigo, wuya babu zaren aure, tana taunar goronsu kamar ba ita ba.

Selvarani ta faɗa ɗaki ta cusa yatsu cikin gashin mahaifinta. A bushe yake. Ba a shafa masa man ba.

Tana fitowa ta ci kwalar yayanta Muniyandi.

"Yaya, ka ji kunya! Don 'yar gonar da ko akuya ba ta ƙoshi a cikinta?"

"Sake ni, ke! Daga gona nake, ni ma ganinta na yi. Ke da ba kya leƙo mu sai lokacin biki, yau kin fi kowa son Baba?"

Ba ta yarda ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, shi kuwa sai zare ido yake.

Selvarani ta juya ga mahaifiyarsu. Inna na zaune a dakali cikin jan sari, zanen aurenta, ta ja gefensa ta lulluɓe kanta. Fuskar nan ta sha kurkum sai sheƙi take, awarwaro har gwiwar hannu. Haka take tun fil azal. Ko da ciwon ƙoda ya kumbura mata ƙafafu, ba ta taɓa wuni ba kwalliya ba, kuma ba ta iya kallon ranar da ake farfasa wa mace awarwaro a gaban gawar mijinta.

"Inna, kina kallo za a kashe miki miji?"

"Ba mai taɓa shi, 'yar nan. Zo ki zauna."

Selvarani ba ta zauna ba. Ta rantse ko ɗigo ba zai shiga bakin mahaifinta ba, ta sunkuci kwakwa za ta tuttular.

"Haba, almubazzaranci? Miƙo nan, ƙishi nake ji," in ji Inna.

Ta miƙa mata. Inna ta shanye ta nemi ƙari, har ta tashi da huɗu. Hannun Inna da ɗumi, Selvarani ta ce a ranta tashin hankalin nan ne.

Sai ta juya kan tsohuwar.

"Iya, tattara ki bar gidan nan. Babu aikinki a nan."

Ta sa ƙafa ta shuri tulun. Ya gangara har bakin ƙofa da ƙara, bai zubar da komai ba.

Pecciyammal ta tofar da jan yawu, ta dafa bango ta miƙe.

"Ai ni na gama nawa tun asuba, saura na kwakwa, kin kuwa ƙarasa mini. Uwarki ce ta aika a kira ni, ita na yi wa wankan. Ta ce ita da kwalliyarta za a ɗauke ta, ba za ta yarda mijinta ya riga ta tafiya ba."