Basir Ɗin da Babu Shi

Zubair ɗan acaɓa ne a hanyar Roni zuwa Kazaure, kuma zama ya gagare shi. Da ya hau babur sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi tsakanin mara da dubura. In ya miƙe tsaye, ciwon ya lafa.

Ya je asibitin garinsu, sai ya tarar surukinsa Malam Daudu ne ke duba marasa lafiya.

"Ina ke maka ciwo, Zubairu?"

Ya sunkuyar da kai. Wannan wurin ba a ambatarsa gaban mahaifin mata.

"Baya ne, Baba."

Aka ba shi maganin baya. Bayan nasa kuwa, da ma lafiyarsa ƙalau, ya ƙara samun lafiya.

A teburin mai shayi kuwa ba a rasa ƙwararru.

"Basir ne," in ji Sama'ilu mai faci, wanda duk karatunsa na likitanci a kan taya ya yi shi. "Ka je wanzami ya yanke maka, ka huta."

"To ai ba abin da ya fito," in ji Zubair.

"Na ciki ne, abokina. Shi ya fi mugunta."

Wanzamin ya duba bai ga komai ba, amma bai ga dacewar mutum ya zo har gidansa ya koma haka nan ba. Ya yanki abin da ya samu.

Jini ya ƙi tsayawa. Lailatu matarsa ta ruga ta kira mahaifinta. Malam Daudun da aka ji kunyar faɗa wa, shi ya tuɓe masa wando, shi ya danne raunin har Kano.

Can likita ta gano ainihin ciwon. Wata jijiya ce ta maƙale a ƙugu, dogon zama yana ƙara matse ta. Da raunin ya warke aka yi masa aiki, aka saki jijiyar.

"Zafin zai ragu a hankali," ta ce. "Amma askar nan ta datse naman da ke riƙe bayan gida. Wannan ba na yi maka alkawari."

Yanzu Zubair yana iya zama. A gida yake zaune. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya shiga sahu, don alwalarsa ba ta kai shi ƙofar masallaci.

Mai karatu, ba duk ciwon ƙasa ne basir ba. Ka faɗa wa likita ainihin wurin da ke maka ciwo; in wanda ka tarar surukinka ne, ka nemi wani likitan, ba wanzami ba.